Yadda ake mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin zama, daga ruwa zuwa fenti

Yawancinmu da muka tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba mu san ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ba. In gida ya yi wa mutum kaɗan, sai ya ja ɗaki a tsakar gida ko ya ɗora bene. A arewacin Amurka da Kanada kuwa, da wuya ka shiga gida ba ka ga wata 'yar ƙofa kusa da kicin ba, wadda in ka buɗe za ka iske matattakala ta gangara. Sanyi ne ya kawo haka. A lokacin hunturu ƙasa takan daskare ta kumbura, don haka dole a haƙa tushen gida ya wuce inda daskarewar ke kaiwa. A jihar Minisota, inda nake zaune, doka ta ce inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta. Tunda an riga an yi haƙa mai zurfi haka, sai magina su ƙara kaɗan a sami fili mai faɗin gidan gaba ɗaya. Shi ne ake ce wa besmen.

Namu ya daɗe ba abin da ke ciki sai injin wanki da akwatuna da buhunan shinkafa. Da yara suka fara girma, lokacin raba wa maza da mata makwanci ya yi, ga kuma Hajiya za ta zo zaman jego, sai muka ga ba mu da mafita in ba can ba. Wanda muka sayi gidan a hannunsa ya taɓa gyara wani ɓangare, ya yi bango ya shimfiɗa kafet. Ranar da na ɓalle allon bangon nan, wari ne ya fara dukan hancina. Audugar da aka cusa a ciki ta jiƙe sharkaf a bayan leda, katakon ƙasa ya yi baƙi ƙirin da funfuna, in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa. Daga waje kuwa fenti fes. Abin da ya sa na jera matakan nan yadda na jera su ke nan: aikin da ba a gani shi ne kashi mafi girma, kuma shi ake fara yi.

Mataki na farko: ka san inda ruwa yake bi

Kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka ga yadda wurin yake a lokacin da ruwa ya fi yawa. A nan lokutan biyu ne, watan Maris zuwa Afrilu da ƙanƙara ke narkewa, sai kuma manyan ruwan sama na tsakiyar shekara. In sabon shiga ne kai a gidan, ka yi haƙuri ka ga waɗannan lokutan sun wuce. Duk ranar da aka tafka ruwa, ka ɗauki tocila ka sauka, ka bi gindin bango kusurwa-kusurwa.

Abin da kake nema shi ne farin gari mai kama da kanwa a jikin kankare, fenti da ke ɓarewa, tsatsa a ƙafar tukunyar ruwan zafi, layin datti da ke nuna inda ruwa ya taɓa tsayawa, da warin rima. Ruwa ba ya tsami banza. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya ɗauko daga cikin kankare ya bari bayan ya bushe, wato ruwa yana ratsa bangon ko da ba ka taɓa ganinsa da ido ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka yanko leda mai kauri, inci 18 kowane gefe, ka manna ta a daɓe da salatif mai ƙarfi ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ka manna wata a bango. Ka bar su kwana biyu. In ka ɗaga ka ga gumi a cikin ledar ko kankaren ya yi duhu, danshin daga ƙasa yake fitowa. In gumin a bayan ledar yake, ta ɓangaren ɗaki, to iskar ɗakin ce ke da laima, kuma wannan ya fi sauƙin magani.

Maganin ruwa daga waje ake fara shi, kuma sau da yawa nan ne ya fi araha. Ka duba kwatar rufi ko ganye ya toshe ta. Ka duba indararo, domin a gidaje da yawa a gindin bango yake zubar da ruwan rufin gida gaba ɗaya. Ka ƙara masa bututu ya kai ruwan ƙafa 4 zuwa 6 nesa da gini. Sannan ka dubi ƙasar da ke kewaye da gidan: ƙa'idar gini ta ce ta gangara da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango. Da shekaru ƙasar takan zauna, gangaren ya juyo wajen gida. 'Yan baro na ƙasa mai yumɓu da shebur sun isa su gyara wannan. A gidanmu, indararo ɗaya da ke kusurwar baya ne ya jawo duk ɓarnar da na faɗa.

Sai tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Siririyar tsaga da ta tsaya daga sama zuwa ƙasa yawanci bushewar kankare ce, ana ɗura mata wani ƙaro da ke kumbura ya toshe ta. Amma in tsagar a kwance take, ko ta kai kwatan inci faɗi, ko bangon ya yi ciki ya turo, wannan ba aikinka ba ne. Ka kira injiniyan gini, don alama ce ƙasa tana danna bangon.

In bayan duk wannan ruwa bai daina ba, sai a fasa daɓe a gefen bango a binne bututu mai huji-huji da tsakuwa, ya tattara ruwan zuwa wani rami a kusurwa, inda injin tsotso zai riƙa fitar da shi waje. In gidanka yana da injin nan tun asali, ka zuba bokitin ruwa a ramin ka ga ko zai tashi da kansa. Ka saya masa batir na ko-ta-kwana, domin daren da ake ruwa da iska mai ƙarfi shi ne daren da wuta ke ɗaukewa. Ka tambayi mai gyaran famfo game da murfin da ke hana ruwan lambatu dawowa cikin gida. Mutanen birnin Toronto na Kanada sun ga wannan a ranar 8 ga Yuli 2013, da ruwa ya kai milimita 126 a filin jirgin saman Pearson, magudanan gari suka cika, ƙazantar ta yi baya ta ɓullo a ɗakunan ƙasa na mutane. Ka kuma buga wa kamfanin inshorarka waya, don inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya ko dawowar lambatu sai an ƙara su daban.

Mataki na biyu: abubuwan da ke cutarwa ba a gani

Akwai wata iska, radon, da ke fitowa daga duwatsu da ƙasa ta shigo ta tsagogin daɓe. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma bayan taba sigari ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta tana kashe kusan mutum 21,000 a shekara a ƙasar. A Minisota gida biyu cikin biyar suna da ita fiye da ƙima. Tunda daga ƙasa take tasowa, a besmen ta fi taruwa, nan ne kuma kake shirin kwantar da 'ya'yanka awa takwas kowane dare.

Kayan gwajin ba su da tsada, a shagunan kayan gini ake sayarwa. Ka ajiye kwana 2 zuwa 7 da tagogi a rufe, ka aika ɗakin gwaji ta gidan waya. A Amurka in sakamako ya kai pikokuri 4 a lita, sai a gyara. A Kanada ma'aunin bekerel 200 ne a kubik mita, kuma sun fi son gwajin wata uku a lokacin sanyi. Gyaran shi ne a huda daɓe a sa bututu da 'yar fanka da za ta riƙa zuƙo iskar ta fitar ta saman rufi. Yanzu ne lokacin yinsa, tun kana iya ɓoye bututun a cikin bango.

In an gina gidan kafin 1978, ka ɗauka tsohon fentin yana da dalma, kada ka goge shi a bushe ƙura ta tashi inda yara suke. Tsofaffin tayil na leda masu inci 9 kowane gefe, da farin abin da aka naɗe tsofaffin bututun zafi da shi, sau da yawa suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu in an shaƙa. A kai a gwada kafin ka kankare ko ka fasa.

Mataki na uku: awo, zane da takardar izini

Ɗauko tef ka auna daga daɓe zuwa ƙasan katakon da ke ɗauke da benen sama. Ƙa'idar da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce ɗakin zama ya kai ƙafa 7 bayan an gama, wato bayan ka cire kaurin sabon daɓe da silin. An yarda babban ginshiƙin kwance ko bututun iska ya sauko zuwa ƙafa 6 da inci 4. Wasu jihohi, ciki har da Minisota, sun sassauta wa tsofaffin gidaje. Ofishin kula da gine-gine na garinku shi zai gaya maka wadda ake bi a wurinku.

Daga nan sai zane. Ka fara sa abubuwan da ba sa motsi: matattakala, ginshiƙan ƙarfe, injin ɗumama gida, tukunyar ruwan zafi, akwatin wuta, ramin ruwa. Ginshiƙan nan su ke ɗauke da gidan, ba a cirewa, sai dai a lulluɓe su ko a ja bango ya bi ta kansu. Gaban akwatin wuta ana barin fili mai faɗin inci 30 da zurfin inci 36. Injin ɗumama gida ma a bar masa aƙalla inci 30 a gabansa, da ƙofar da za a iya fitar da shi ranar da ya mutu. Ɗakin kwana kada ya gaza murabba'in ƙafa 70. Ka kai shi inda taga take, ka kai banɗaki kusa da babban bututun masai, falo ya ɗauki abin da ya rage.

A wannan zanen ne za ka tuna da yadda muke rayuwa. Daga nan alƙibla tana arewa maso gabas, don haka ka duba bangon da za a fuskanta in za a yi jam'i, kada ƙofar da ake zirga-zirga ta faɗo gaban masu salla. Ka duba inda masai zai kalla tun kafin a binne bututu.

Maganar izini kuwa, na san da yawa cikinmu suna gudun ta saboda kuɗi da tsoron ƙarin harajin gida. Ra'ayina shi ne a karɓa. Aikin da ba izini yakan dawo wa mutum ranar sayar da gida, ko ranar da aka yi gobara kamfanin inshora ya fara tambayoyi. Jami'in da ya zo duba namu ya nuna min wuri biyu da na bar rami tsakanin bango da silin, inda wuta za ta iya bi ta haye sama. Ni kaina ban gani ba.

In za ka ba ɗan kwangila, ka ji farashi daga mutum uku, ka ga lasisinsa da inshorarsa, a rubuta komai, a biya kashi-kashi bisa aikin da aka gama. Ko ɗan garinku ne, ko a masallaci ɗaya kuke salla, a rubuta. Rubutun shi ke tsare zumuncin. Ka ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin a gefe, don sai an buɗe bango ake sanin abin da ke ciki.

Mataki na huɗu: hanyar tsira

Wannan shi ne matakin da na fi so ka karanta sau biyu. Ɗakin ƙasa hanya ɗaya gare shi, matattakala, kuma ita ke kaiwa kusa da kicin, inda gobara ta fi tashi. In hayaƙi ya cika ta, wanda ke barci a ƙasa ta ina zai fita? A daren 1 ga Satumba 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a birnin Niyu Yok, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, akasarinsu baƙi ne 'yan ci-rani masu neman haya mai sauƙi, a ɗakunan da aka gyara ba bisa ƙa'ida ba. Ruwa ya danne ƙofa, tagogin kuma ba su isa mutum ya bi ba. Allah Ya kiyaye mu.

Saboda haka kowane ɗakin kwana a ƙasa sai da tagar fita. Ƙa'idar ita ce in an buɗe ta, sararin ya kai murabba'in ƙafa 5.7, tsayinsa kada ya gaza inci 24, faɗinsa kada ya gaza inci 20, kuma daga daɓe zuwa bakin tagar kada ya wuce inci 44. Ka lura, taga mai inci 24 da inci 20 daidai ba ta cika 5.7 ɗin ba, dole ɗaya daga ciki ya fi haka. A waje ana haƙa rami a gaban tagar, murabba'in ƙafa 9, aƙalla inci 36 daga bango. In zurfinsa ya wuce inci 44 sai an kafa tsani. Gindin ramin a zuba tsakuwa a haɗa shi da magudana, in ba haka ba ka gina wa kanka tafki a bakin taga.

Yanka kankaren tushe aikin masu zarto na musamman ne, ka ba su. Kafin a sa diga a ƙasa, a Amurka ana kiran lamba 811 kyauta, su zo su yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Kuma kada ka sa wa tagar nan irin ƙarafan da muka saba sa wa tagogi a gida, sai dai wanda ake buɗewa daga ciki ba tare da makulli ba. Da aka gama tamu, na sa kowane yaro ya buɗe ta da hannunsa ya fita har waje, ƙaramin ma sai da ya yi sau biyu.

Mataki na biyar: banɗaki da wurin alwala

Aikin famfo shi ke gaba da bango, tunda sai an fasa daɓe. Wasu gidajen an bar bakunan bututu a shirye tun wajen gini, ka duba ko akwai wasu a rufe suna leƙowa daga daɓe. In babu, za a yanka kankare a shimfiɗa bututu da gangaren kwatan inci a kowace ƙafa. In babban bututun gidan ya fita ta saman daɓe, sai an sa rami mai murfi da injin da zai tura ƙazantar sama.

Banɗakin Turawa ba a yi shi don buta ba. Ba rariya a ƙasa, bangon kuma takarda ce da jifsam, wani farin gari mai kama da alli. Mu kuwa sau biyar a rana ake alwala, ƙafa a cikin kwanon wanke hannu, ruwa na fallatsa ko'ina. Tunda daɓen a fashe yake, ka roƙi mai famfo ya sa rariya a ƙasa, a yi tayil har rabin bango a kan allon siminti, a sa famfo ƙasa-ƙasa da ɗan dakalin zama. A duk gyaran da muka yi, babu abin da ake amfani da shi kamar wannan dakalin. Fankar banɗaki kuma ta fitar da tururi waje, ba cikin silin ba.

Mataki na shida: bango

Nan ne aka fi yin kuskure. Ka san yadda gorar zoɓo mai sanyi ke gumi in ka ajiye ta a rana? Haka bangon kankare yake. Sanyi gare shi kullum, in iskar ɗaki mai ɗumi ta taɓa shi sai ta zama raɓa. Wanda ya jingina katako da audugar gilas kai tsaye a jikin kankare, ya rufe da leda, ya kulle danshi a inda ba zai bushe ba. Abin da na tarar a gidanmu ke nan.

Hanyar da ta fi ita ce a manna allon soso mai tauri a jikin kankaren kansa. Ka share bangon, ka shafa gam ɗin da aka yi don soso, ka danna allon, ka rufe duk haɗi da tef ɗinsa, ka fesa kumfa a sama da ƙasa. Nufin shi ne kada iskar ɗaki ta sami ko 'yar kafar da za ta kai ga kankare. Inci 2 na irin mai ruwan hoda ko shuɗi yana ba da abin da ake kira R-10 a ma'aunin ƙarfin tare sanyi, wurare masu tsananin sanyi kuma suna neman R-15. Kada ka manta da katakon da ya zagaye saman tushe, tsakanin ƙafafun benen. In ka sa hannu a wurin a watan Janairu za ka ji iska na busowa. Ka yanka soso daidai kowane gurbi ka toshe gefensa da kumfa. Aiki ne mai cin rai, amma har falon sama sai an ji bambanci.

Sannan a tsayar da tubaifo a gaban soson. Ka ja layi a daɓe, katakon da zai kwanta a ƙasa ya zama wanda aka jiƙa da maganin ruɓa, a ɗaure shi da sukurun kankare. Na tsaye a jera su inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya. Daɓen besmen ba ya taɓa zama daidai, don haka ka auna kowane katako daban, kada ka yanke su tsayi ɗaya. Ka riƙa duba tsayuwarsu da lebur. Sai a toshe saman bango da kowace ƙafa 10 a kwance don tare wuta. Kuma kada ka yanka ko ka fafe katakon da ke ɗauke da bene don bututu ya wuce ba tare da tambaya ba.

Mataki na bakwai: wuta, ɗumi da iskar shaƙa

Wayarin a ba mai lasisi. Abin da ya kamata ka sani shi ne soket kada su wuce ƙafa 12 tsakani, kuma dokar wutar Amurka ta 2020 ta ce duk soket na besmen ya zama mai katse kansa in lantarki ya fara bin wata hanya dabam, kamar ta ruwa ko jikin mutum, wanda ake kira GFCI. Ka yawaita fitilu, irin siraran da ke shigewa cikin silin, don wurin ba ya samun rana sosai. Makunni ɗaya a saman matattakala, ɗaya a ƙasa.

In za a jawo ɗumi daga injin gidan, a sa bakin da ke huro iska, a kuma sa wanda ke mayar da ita, kusa da ƙasa, amma ba a cikin ɗakin injin ba. Injin da ke ƙona gas yana bukatar iska. In ka killace shi a ɗan ƙuntataccen ɗaki, hayaƙinsa zai iya yin baya ya shigo gida. Mai gyaran injin zai gaya maka ko ƙofa mai tsaga-tsaga ta isa ko sai an jawo iska daga waje.

A sa na'urar jin hayaƙi a cikin ɗakin kwana da wajensa, da ta jin iskar kabon monoksaid, a haɗa su da na sama ta yadda in ɗaya ta yi ƙara duk su yi. A nan ina da roƙo ga iyayenmu mata da matanmu. Turaren wuta a kasko da garwashin gawayi, a ɗakin ƙasa da aka toshe ko'ina don sanyi, haɗari ne na gaske. Gawayi yana fitar da iskar nan da ba a jin warinta, mutum ya ji ciwon kai da kasala ya kwanta, shi ke nan. A yi amfani da kaskon lantarki. Janareta ko murhun gashi kuwa ko a gareji ba a kunna su, balle a nan.

Mataki na takwas: rufewa

Kafin ka rufe komai, jami'in duba gini zai zo ya ga katako da waya da bututu a buɗe. Bayan ya tafi, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka. Wata rana za ka so kafa ƙusa, ka so sanin inda bututu ya bi.

Allon jifsam mai kaurin rabin inci shi ke rufe soson, kuma dole ne, don soso in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne. Ka ɗaga allon rabin inci daga daɓe, kada ya sha ruwa in an sami 'yar malala. Silin kuwa zaɓi biyu ne. Na jifsam ya fi kyau kuma ba ya cin tsayi, amma ka bar 'yan ƙofofi a inda makullan ruwa da na gas suke. Mai fale-falen da ake ɗagawa yana cin inci 3 zuwa 4, sai dai ranar da bututu ya yi yoyo za ka gode masa. In kana son rage ƙarar takun na sama, ka cusa audugar dutse tsakanin katakan kafin a rufe.

Daɓe sai ka yi tunani, don mu mutanen zaman ƙasa ne. A ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake karatu, a ƙasa ake sujada, kankare kuma sanyi gare shi ko a watan Yuli. Abin da muka yi shi ne muka cike ramuka da simintin da ke bajewa da kansa, muka shimfiɗa faifan katako masu roba mai ƙuraje a ƙasansu, waɗanda ke barin iska tsakaninsu da kankare, sannan muka ɗora ledar nan mai kama da katako da ake sarƙawa. Inci ɗaya ya tafi, amma ƙafa ta huta. Kafet mai mannewa bango zuwa bango ban ba da shawararsa ba. Ka sayi darduma da za a iya naɗewa a fitar a shanya. Fenti kuma mai haske, fari ko ruwan madara.

Bayan an tare

Ka sayi ɗan ma'aunin laima ka rataye. A riƙe ta tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kada ta haura 60. Daga Mayu zuwa Satumba injin tsotse laima zai yi ta aiki, ka haɗa masa tiyo zuwa rariya don kada ka riƙa zubar da bokiti kullum. Ka sake gwajin radon, tunda gyaran ya canza yadda iska ke yawo. Kabad da katifa kada su manne da bangon waje, buhunan abinci a ɗora su a kan katako. Duk farkon Maris ka zuba bokitin ruwa a ramin injin tsotso, duk kaka ka kwashe ganye daga kwatar rufi da ramin taga, in ƙanƙara ta zubo kuma ka share murfin ramin don tagar ta buɗu.

Tun farko niyyarmu ɗakin na Hajiya ne. Da muka ga yadda take dafa bango tana hutawa a tsakiyar matattakala saboda gwiwa, sai muka sauya. Samarin suka koma ƙasa, ita ta karɓi ɗakinsu na sama kusa da banɗaki. Muka ƙara abin dafawa a ɓangare na biyu na matattakalar da fitila mai kunna kanta, saboda ranakun Juma'a da take saukowa ta ji karatun jikokinta.